'Yan Kuzar Riruwai da Ramukan da Suke Bari

Wanda bai taɓa riƙe kuza ba, ranar da aka zuba masa ita a tafin hannu nauyinta ne zai fara ba shi mamaki. A ido baƙin yashi ce kawai, wani lokaci da ɗan sirkin ja. Amma cika gwangwanin madara da ita, ka cika wani da yashin rafi, ka ɗaga su biyun. Na kuzar ya ninka ɗan'uwansa sau biyu da rabi, har da ɗoriya. Sana'ar kacokan a kan wannan nauyin take tsaye. Ruwa yana kwashe mara nauyi ya bar mai nauyi, shi ya sa mai ƙwarya a bakin rafi da kamfanin da ya kafa manyan injina aiki ɗaya suke yi. Abin da ya raba su yawan ƙasar da kowa zai iya juyawa kafin rana ta faɗi.

A jihar Kano gidan kuza Riruwai ne, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa. Mai tahowa daga birni zai bi titin Zariya, ya ratsa ƙasar Bebeji, ya karya hagu a Kwanar Ɗangora ta Kiru, ya wuce Tudun Wada da buhunan shinkafarta, ya faɗa dajin Falgore. Yana fita daga dajin zai ga ƙasa ta sauya. Duwatsu sun taso, iska ta yi sanyi, gonakin masara da rake sun cika kwaruruka. Nan Kano ta ƙare, ta haɗa kafaɗa da Kaduna da Bauci. Masana ƙasa sun ce duwatsun Riruwai da na Jos uwa ɗaya suka fito, kuma zoben da suka yi ragowar wani dutse ne mai aman wuta da ya mutu fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce. A tsakiyar zoben akwai wata jijiya mai tsawon kusan kilomita 5, ta miƙe daga gabas zuwa yamma, ɗauke da kuza da tutiya da dalma. Duk daminar Allah ruwa yana ɓantarar duwatsun nan yana gangarowa da ƙwayoyin kuza cikin kwari, ƙasa tana binne su.

Ba Bature ne ya gano ta ba. Tun kafin ya san hanyar ƙasar Hausa, mutanen Riruwai suna wanke kuza suna narka ta a murhun yumɓu, da gawayi da zugazugi. Dabarar zubinsu abin sha'awa ce: su jera tsinkayen ciyawa cikin danshin toka, su zare, sai ga siraran ramuka, su kwarara narkakkiyar kuza a ciki. Idan ta huce ta fito sanda-sanda, siririya kamar tsinke, fara tas. A haka fatake suke ɗaure ta dami-dami su kai kasuwar Kurmi, daga can ta watsu zuwa wurin maƙeran farfaru da masu aikin tagulla, har ƙasar Nufe. A ƙarni na 19 hare-haren Ningawa sun tayar da wasu daga cikin masu narkin, suka koma ƙasar Bauci suka kafa Riruwan Dalma. Waɗannan tsinkayen ne 'yan cinikin kamfanin Neja suka gani a kasuwannin bakin Binuwai a shekarun 1880, suka shiga tambayar inda suke fitowa. A 1902 da 1903 mutanen kamfanin suka isa tudun Jos. Ba a jima ba dokar mulkin mallaka ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, kamfanoni suka yanki filaye, murhun masu narki ya mutu. Waɗanda suka nuna hanyar su aka fara korewa daga kanta.

Jikokinsu suka zama leburori, da diga da kwanon sarki, helma yana tsaye a kansu. Lokacin yaƙin Hitila, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta, sai ta juyo kan Arewa. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta kwasar maza daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza dole, abin da tsofaffi suke kira ɗiban gwamna. Sanyin tudu da yunwa da cuta sun kashe da yawa.

Riruwai ta sake ganin babban aiki a shekarun 1970, lokacin da hukumar haƙar ma'adinai ta tarayya, wadda aka kafa a 1972, ta haɗa hannu da kamfanin Gold and Base Metal don su bi jijiyar nan cikin dutse. Kusan duk kuzar Najeriya daga kwari ake wanke ta. Ta Riruwai ce aka haƙa wa rami mai zurfi da hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa, irin na ƙasashen waje. An kawo injina, an gina gidajen ma'aikata, gari ya cika. Aikin bai kai inda aka nufa ba. A shekarun 1980 ya tsaya, a watan Oktoba na 1985 kuma kasuwar kuza ta duniya ta ruguje, har kasuwar ƙarafa ta Landan ta dakatar da cinikinta. Kamfanoni suka naɗe tabarmarsu a Riruwai da Jos. Suka bar gine-gine, da tsibin tarkace, da ramuka ruwa yana cika su.

Abin da ya rage a hannun mutanen gari shi ne sanin aikin, kuma da shi ake ci har yau.

Haƙar kwari da loto ake yin ta. Loto rami ne kamar rijiya, faɗinsa daidai yadda mutum ɗaya zai durƙusa ya sara da gajeriyar diga. Kafin a sa diga sai an sami mai ido, yawanci dattijo da ya yi aikin tun yana yaro, wanda zai dubi kwanciyar kwarin da inda tsohon rafi ya bi kafin ya sauya hanya. Sannan a je wurin mai gona a daidaita, ko da kuɗi a hannu ko da kaso cikin abin da za a samu. Mutum huɗu zuwa shida sun isa loto ɗaya: mai sara a ƙasa, masu jan guga a sama, mai kwashewa ya tara gefe. Mai sara yana sauka yana yanka matakai a jikin ramin, dama da hagu, inda zai riƙa sa ƙafa. Baƙar ƙasar noma ce farko, sai ja, sai laka, wani wurin da marmara mai cin bakin diga. Duk wannan ba kuɗi a cikinta. Ana iya kwana goma ana fitar da ita, ana cin bashin garin kwaki da ƙuli.

Abin nema shi ne shimfiɗar tsakuwa da ke kwance a kan dutsen ƙasa, wadda kaurinta wani lokaci bai wuce kamu biyu ba. Mai sara yakan ji ta a hannu kafin tocilar goshinsa ta nuna masa, don ƙarar digar takan sauya. Sai ya ɗebo kaɗan a guga ya ɗaga murya, "Ja!" Na sama su ja, ɗaya ya juye a ƙwarya, ya tsuguna gaban bokitin ruwa. A nan hira take tsayawa. Ya karkata ƙwaryar ya shigar da ruwa, ya murje lakar da yatsu, ya tsince manyan duwatsu ya yar, sannan ya fara juyi a hankali, ruwan yana zagawa yana zubar da farin yashi ta baki. Sau uku, sau huɗu, abin da ke ciki yana raguwa. A ƙarshe ya ɗan girgiza ta ya karkatar. Idan Allah ya yi, sai ga baƙin layi ya kwanta a gindin ƙwaryar kamar an zizara kwalli. Faɗin wannan layin shi zai faɗa musu ko su ci gaba ko su ɗauki igiyarsu su gwada gaba.

In layin ya yi kauri, aiki ya koma na kwance. Mai sara zai bi tsakuwar ta gefe, yana rarrafe, wani wurin da ciki, yana turo ƙasa baya ana ja. Nan haɗarin yake. Duk abin da ke samansa ƙasa ce da ba abin da ya riƙe ta sai ginshiƙan da ya bari bai sara ba, kuma ginshiƙin nan shi ma kuza ce a cikinsa. Ranar da aka matsu, ko wasu suka zo bayan masu ramin sun tashi, ginshiƙin ake ci. Yawancin ruftawar da ake ji daga nan take farawa, ko daga lotuna biyu da suka haɗu a ƙasa ba tare da na sama sun sani ba. Sai iska. Ramin da ya yi zurfi numfashi yakan yi wuya a cikinsa, wanda kuma aka kusantar da injin jan ruwa bakinsa, hayaƙin fetur yakan gangara ya kwanta a ƙasa, ba a ganinsa, sai dai a ji na ciki ya yi shiru. Tsofaffin hannu suna da dabarar masu haƙar rijiya: a zura fitila mai wuta da igiya, in ta mutu ba mai shiga, a ɗaura reshe mai ganye a yi ta sama da ƙasa da shi har iskar ta sauya. Shi ya sa aikin loto na rani ne. Ruwa yana sauka ƙasa ta jiƙe, mai hankali ya koma gonarsa, yawancin 'yan kuza dama manoma ne.

Masu bin dutse aikinsu daban. Su jijiyar suke fasawa da guduma da cizal, ko su tone tsibin da kamfani ya bari, su kai dutsen injin niƙa ya mai da shi gari kafin a wanke. Ya fi tsada, ya fi ƙura, kuma ƙurar farin dutse tana zama a huhu, tarinta ba ya jin magani.

Wanki a bakin ruwa ake yin sa. A haƙa doguwar magudana mai ɗan gangare, a tare ta da itace ko duwatsu wuri-wuri, a sako ruwa daga injin, mutum biyu suna zuba ƙasa da shebur, ɗaya yana tsaye a ciki yana motsa ta. Laka da yashi su wuce, baƙin ya taru a bayan matarin. Da yamma a kashe injin a kwashe, a gama da ƙwarya, a shanya a kan buhu ko a soya a kasko in ana sauri. Amma ba duk baƙi ne kuza ba. Akwai baƙin yashi mai ƙarfe-ƙarfe da ke biyo ta, akwai kwalambait, wadda ita ma kuɗi ce mai kyau in an ware ta. Ana bi da maganaɗisun tsohuwar lasifika a naɗe cikin leda, ya tsince abin da zai iya. Sauran sai an je inda injin rarrabewa yake, kuma yawancin waɗannan injinan suna Jos.

Wurin sikeli ake gane waye mai ramin na gaskiya. Diga da shebur da igiya da tocila ba su fi ƙarfin talaka ba. Abin da ya fi ƙarfinsa abincin mutum shida na mako uku, da hayar injin, da man da zai sha. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, kuma injin wanki ba ya aiki da haƙuri. Don haka kusan kowane loto yana da mai ɗaukar nauyi, wanda ake ce wa sifonsa. Shi ke ba da kuɗin abinci da mai, sharaɗinsa ɗaya: kuzar da ta fito shi za a sayar wa, a farashin da ya yanka, bayan ya cire abin da ya kashe. In ramin ya fito fayau, asararsa ce, kuma wannan ita ce hujjarsa duk lokacin da aka ce ya matse farashi. Ba ƙarya yake yi ba. Sai dai shi kuɗi ya zuba, su kuwa su ke shiga ƙarƙashin ƙasa.

Mai saye zai ɗebi kaɗan ya watsa a tafin hannu, ya hura, ya duba launi, ya ce da datti a ciki. Mai kaya ya ce, "Haba Alhaji, duba dai da kyau, wannan wankin uku ce." A ja, a daidaita, a ɗora a sikeli. Abin da ya rage bayan an cire bashi da kason mai gona shi ake rabawa, mai sara ya ɗauki kaso mafi tsoka. A bakin 'yan kuza ba ka rasa labarin wanda ya yi babur da wankin mako guda, ko ya yi aure da loto ɗaya. Labarin wanda ya yi rani guda ya tashi da bashin mai shayi ba a cika ba da shi ba, alhali sun fi yawa.

Ga lissafin da mai karatu zai iya yi da kansa. A mafi yawan 2024 tan ɗaya na tatacciyar kuza ya kai dala 30,000 ko fiye a kasuwar Landan, wato dala 30 kowane kilo. Kuzar da aka wanke sosai kusan kashi 70 cikin 100 nata ne ƙarfe, saboda haka kilo ɗaya yana ɗauke da ƙarfen dala 21. Daga wannan ake cire ladan narki a Malesiya ko Sin ko Tailan, da jirgin ruwa daga Legas, da tirela, da harajin gwamnati, da ribar mai fitarwa, da ta mai injin a Jos, da ta dillali, da ta sifonsa. Abin da ya tsira shi ke isa bakin loto. A da ana narka ta a gida, a masana'antar Makeri da ke Jos, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 1960. Kusan rabin kuzar duniya yau a liƙin da ke haɗa wayoyin cikin kayan lantarki take ƙarewa, don haka wayar da ɗan kuza yake duba farashi da ita akwai ɗigon kuza a cikinta, watakila ma ta kwarinsu.

A duk wannan jerin masu cin kaso, ba wanda aka ware wa ko sisi don ya mayar da ƙasa cikin ramin.

Kowane buhun kuza yana barin ƙasar da ta ninka shi sau ɗaruruwa, da rami a buɗe. Da rani ana ganin ramin. Da damina ciyawa takan rufe bakinsa, ruwa ya cika shi, ya zama tarko. Saniyar Bafulatani ta faɗa, rigima ta tashi a gaban dagaci. Yaro mai kiwon awaki ya taka gefen da ƙasa ta zaizaye. Manomi yana huɗa, ƙasa ta burma da shi a inda ba a taɓa haƙa ba, saboda hanyar kwance ta bi ta ƙarƙashin gonarsa shekaru da suka wuce. Ita kuwa jar ƙasa da aka juye a kan baƙar, ko an baje ta masara ba ta son ta. Wanda yake son ganin ƙarshen wannan hanya ya je Bukuru ko Barikin Ladi a tudun Jos ya ga tafkunan da kamfanoni suka bari, ɗaruruwa, masu zurfi da sanyi, waɗanda har yau suke cin masu wanka. Dokar ma'adinai ta 1946 ta fara maganar gyara ƙasa bayan haƙa, an kuma cike wasu wuraren an shuka itatuwan turare, amma abin da aka gyara ɗan kaɗan ne.

Tarkacen wanki shi ma ba yashi ne kawai ba. Na dutsen jijiya yana ɗauke da dalma da tutiya haɗe da farar wuta, idan ruwa da iska suka daɗe suna dukansa sai ya riƙa tsiyayar da ruwa mai tsami da ke narkar da ƙarafan ya kai su rafi. Masu bincike daga jami'o'inmu sun auna ƙasa da ruwa a kewayen tsohuwar mahaƙar Riruwai, sun sami ƙarafa masu guba fiye da kima a wasu wuraren. Wanda ya tuna Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, ba zai bari a kawo dutsen jijiya tsakar gida a daka a turmi ba. Baƙin yashin da ake warewa daga kuza kuma yana da ƙwayoyi masu fitar da tururin nukiliya kaɗan-kaɗan, ga shi da laushi da kyau, har wasu a Jos sun yi shafen ɗaki da shi. Sannan ruwa ba ya tsayawa inda aka ɓata shi. Wani ɓangare na abin da ke gangarowa daga duwatsun Doguwa Kogin Kano yake shiga, ya ratsa Falgore, ya taru a madatsar Tiga da ke Bebeji, wadda tun 1974 take shayar da shinkafa da tumatirin Kadawa da Kura.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar ma'adinai ta 2007 ta faɗa ƙarara cewa mai lasisin da zai bar wurin haƙa sai ya sanar da hukuma tun da wuri, ya toshe ko ya shinge ko ya rufe bakin kowane rami, ya kintsa tarkace da wuraren tara ruwa yadda ba za su cutar ba, ya rushe ko ya kulle ginin da zai iya zama haɗari. Ta tanadi asusun gyaran muhalli da masu lasisi za su riƙa zuba kuɗi a ciki, ta kafa sashe a ma'aikatar ma'adinai mai bin wannan, da kwamiti a kowace jiha. Hukumar kare muhalli ta NESREA ma ta fitar da ƙa'idojinta a 2009 kan haƙar kwal da sauran ma'adinai. A takarda ba abin da ya rage.

Irin waɗannan dokoki a ramukan kwal aka fara koyon su, kuma da gawawwaki. A ranar 21 ga Oktoba 1966, a ƙauyen Abafan na yankin Wels a Birtaniya, tsibin tarkacen kwal da ruwa ya jiƙa ya zamo daga kan tudu ya binne makarantar firamare. Mutum 144 suka mutu, 116 yara ne. Sai a 1969 aka yi dokar da ta sa ido kan yadda ake tara tarkace. Amurka ta yi tata a 1977, kuma ita ce ta kama bakin zaren: kamfani ba zai sa diga ba sai ya ajiye kuɗin jingina da zai isa gyaran wurin, sannan kowane tan na kwal da aka haƙo ana cire wani abu a kansa don rufe tsofaffin ramukan da masu su suka gudu. Mu ma muna da namu na kwal. A Inugu, inda aka fara haƙa tun 1916, ramukan Onyeama da Okpara da aka bari suna tsiyayar da ruwa mai tsami cikin rafuka.

Matsalar dokarmu ita ce da mai lasisi take magana, mai ofis da adireshi. Mutum shida da igiya ba su da ko ɗaya. Ma'adinai na tarayya ne bisa tsarin mulki, ƙasa tana hannun gwamna bisa dokar filaye ta 1978, gona ta mai gona ce, rigima kuwa a zauren dagaci da hakimi take ƙarewa. Jami'in da zai duba rami yana birni, ramin yana bayan Falgore. An ce masu ƙaramin ƙarfi su haɗu su yi ƙungiya su karɓi ƙaramin lasisi, wasu sun yi. A 2024 kuma aka ƙaddamar da dakaru na musamman daga jami'an Sibil Difens don farautar masu haƙa ba izini. Kamu yana korar mutum daga rami, amma bai taɓa cike ramin ba. Hasali ma wanda yake tsoron a kama shi ba zai tsaya kwana biyu yana mayar da ƙasa ba.

Cikon kansa ba wani asiri ba ne, duk ɗan kuza ya san shi. Tun ranar farko a ware baƙar ƙasar sama gefe guda, kada ja ta hau kanta. In an gama, manyan duwatsu da tsakuwar da aka wanke su fara komawa, sai jar ƙasa, ana yi ana dannawa, baƙar ta zo ƙarshe, a tula ta ta yi tozo saboda damina ɗaya za ta zaunar da ita. Babban rami irin na kamfani sai da kankare da rodi, na jikin dutse kuma a gine bakinsa a bar bututun da ruwa zai fita. Loto ɗaya aikin kwana ɗaya ko biyu ne ga waɗanda suka haƙa shi. Sai dai kwanakin nan ba mai biya, kuma sukan zo daidai lokacin da aka ji labarin wani kwarin ya buɗe. A ganina wurin da za a kama wannan kuɗin sikeli ne. Masu haƙa dubbai ne a warwatse, masu saye kuwa ana iya ƙirga su, kuma kowa ya san ƙofarsu. A cire ɗan wani abu a kowane kilo, a ajiye a hannun ƙungiyar 'yan kuza da mai gona da dagaci a matsayin shaidu, wanda ya cike raminsa ya karɓa. Inda mai gona yake da wayo ma ya riga gwamnati: yakan riƙe wani abu daga kason masu haƙa, ya ce sai ya ga ƙasarsa ta koma.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba, wanda na fi ganin ƙarfinsa. A wurin ɗan kuza rami ba ya ƙarewa. Tsakuwar da ba ta biyan kuɗin mai a bana, in farashi ya tashi baɗi ta zama abinci. Da yankin Wa na ƙasar Bama ya dakatar da haƙa a watan Agusta na 2023, ko lokacin da tan ya doshi dala 50,000 a watan Maris na 2022, ramukan da aka manta da su sun sake samun masu su. Tsibin da Bature ya zubar a matsayin shara an wanke shi, an sake wankewa, kuma har yanzu yana ba da na cefane. Doka tana maganar ramin da aka bari. Mai ramin kuwa cewa zai yi ajiye shi ya yi, kuma cike shi daidai yake da binne kwana goma na haƙa da zai sake yi.

Shi ya sa abin da aka fi gani a bakin tsohon loto ba ciko ba ne. Itace biyu ne a gicciye, da rassan ƙaya a kai, wani lokaci da tsumma a ɗaure a sanda don makiyayi ya gani daga nesa. Gara takan cinye itacen kafin damina biyu. In kaka ta wuce aka ji farashi ya motsa a Jos, sai ka ga samari sun zo da igiya a kafaɗa, sun janye ƙayar, sun kori abin da ya yi gida a ciki. Babbansu ya kunna fitila ya zura ta a hankali, sauran sun zagaye bakin ramin sun sunkuya, suna kallon ko wutar za ta kai ƙasa.